Waƙar da Ummi ta aike ni in ɗauko

Kwando na fara gani. Na roba ne, shuɗi, irin wanda muke tsane shinkafa a ciki, an ɗora shi kan kujera a bakin ƙofar shiga. Ya cika da wayoyi har ya yi tozo, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba a bayanta. Wasu suna kawo haske a ƙarƙashin 'yan uwansu, su ɗan yi rawa, su mutu. Wata mata mai jiki tana zaune kusa da shi, ta ɗage niƙabinta ta ɗora a ka saboda zafi, alƙalami a hannu ɗaya, ɗayan a buɗe tana jiran duk mai shigowa.

Ni kuwa akwai waya a cikin safata ta dama, tana danne min idon sawu. Saboda ita aka zo da ni. Ummi ce ta aike ni in ɗauko mata waƙa guda ɗaya.

Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ban cika magana ba. A makaranta malama takan manta ina cikin aji sai ta zo kan sunana a rajista. Gidanmu yana unguwar Utaibiyya a Makka, can saman tudu, hawa na huɗu a wani tsohon bene. Daga titi zuwa ƙofarmu matakala ce kan matakala. Tun da ciwon ƙoda ya kama Ummi ba ta sauka sai ranakun wankin ƙoda a asibiti, Baba da wani maƙwabcinmu su ɗauke ta a kujera, idonta a rufe har a kai ƙasa. Baba yana tuƙa bas a tashar Kudai, ba kullum yake samun a sake shi ba. Sauran ranaku iyakar Ummi daga katifa zuwa taga.

Matar da za ta yi waƙar, kowa a unguwarmu ya san ta. Mai jita ake ce mata, amma ni na ɗauka suna ne kawai irin na tsokana, don ban taɓa ganin ta da komai ba sai faranti. Tsohuwa ce siririya, tana zama a gindin matakalarmu tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙananan ledoji. Idan aikin Hajji ya zo sai su tafi Arfa tare da Inna, ƙanwar Ummi, su yi kwanaki suna yankan albasa a ɗakunan girkin alhazai. Abu ɗaya ne ban gane ba tun ina ƙarama. Duk tsofaffin unguwa Ummi tana gaishe su a tsaye, ta ɗan sunkuya, amma idan ta zo gaban wannan sai ta durƙusa har ƙasa, da kayan cefane a hannunta.

Sai da ta kwanta ciwo ta ba ni labari. Ta ce suna 'yan mata a Damagaram, ita da Inna suka hau katangar gidan matasa don ba a barin yara shiga. A ciki akwai maza huɗu da jitoci masu amfani da wuta da gangunan Turawa, ƙara kamar za ta tsaga bango. A gabansu mace ɗaya, kai ba ɗankwali, da wando mai faɗin ƙafa, jita ja a rataye a wuyanta. Malamai suna zaginta a wa'azi, gidan rediyo yana saka ta safe da yamma. Ummi ta zo Makka da kaset ɗinta ɗaya a ƙasan akwati. Ni ce na warware zaren kaset ɗin ina rarrafe, na naɗa a wuya. Ta ce ba ta dake ni ba, amma ranar ba ta ci abinci ba. Na duba mata a intanet sau da yawa, ba ko ɗaya, kamar ba a taɓa yin matar ba.

Ita kuma Mai jita, da ta zo aikin Hajji ta zauna, sai ta yi wa Allah alkawari ba za ta ƙara taɓa tsirkiya ko ta ɗaga murya da waƙa a cikin iyakar Harami ba. Fiye da shekara ashirin jitar tana naɗe cikin bargo a saman kwaba. A shekarar da nake magana aka ce marasa iƙama, wato takardar izinin zama, su fita daga ƙasar, ita ma ta ce ta gaji, gida za ta ta mutu kusa da kabarin uwarta. Matan unguwa suka haɗu suka kama wata istiraha, irin gidajen nan na haya da ake biki a ciki, a hanyar Arfa, bayan an wuce alamar iyakar Harami. Sau ɗaya za ta yi, ita kaɗai, ranar Asabar bayan la'asar.

Inna ta sauka gindin matakala ta roƙe ta ta hau sama ta yi wa Ummi ko baiti biyu ne, a hankali, ba jita. Tsohuwar ta yi kuka, ta ce a yafe mata, alkawarin ba da mutum ta yi shi ba. Aka yi maganar a kai Ummi can, Baba ya ce a'a, don satin da ya wuce ta suma a kan matakala. Shi ne da safe Ummi ta kira ni, ta damƙa min tsohuwar wayar Baba, wadda murfin bayanta ba ya zama sai an ɗaure da roba. Tana nan wurina har yau da robarta.

"Waƙar mota nake so," in ji ta. "Sauran ki bar su, kada wayar ta cika. Da kin ji ta ce mota ta tashi da hantsi, ki danna."

A cikin mota Inna ta ce in sa ta a safa. "Za su karɓi jawwal a ƙofa, ba a shiga da waya. Mata za su cire abaya, Mai jita ma ba ta son jikokinta su gan ta a bidiyo. Amma ba mai taɓa ƙafar yarinya. Ki wuce kawai, kada ki kalli kowa."

Da muka zo gaban kwandon, matar ta miƙa wa Inna hannu.

"Jawwal, Hajiya."

"Ga shi. Ki riƙe min shi da kyau, ya fi mijina jin magana."

"Kawo mijin ma, akwai wuri a kwandon."

Suka yi dariya, ta rubuta lamba ta manna. Inna ta wuce, na bi bayanta. Har na saka ƙafa ɗaya a ciki matar ta ce, "Ke fa, ya binti, ba ki da jawwal ko?" Ba ta ma ɗago ta kalle ni ba, tana yage takarda ne. Da na girgiza kai da shi ke nan. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na ciro wayar daga safa, da ɗuminta, na saka mata a hannu.

"Masha Allah, 'yar albarka," in ji ta.

Inna ta mintsine ni a dantse har sai da ya yi shati. "Wa ya tambayi ƙafarki?" Ta koma ta roƙi matar, ta faɗa mata halin da Ummi take ciki. Matar ta ce wallahi ta tausaya, amma yanzu kowa ya gani, idan ta mayar wa ɗaya sai ta juye kwandon gaba ɗaya.

Ɗakin babba ne, an shimfiɗe shi da darduma, matasan kai a jikin bango. Na'urar sanyi biyu ce, ɗaya tana ɗiga a cikin bokiti. Mata suka cire abayoyinsu suka tara a lungu kamar tsibin gawayi, sai ga atamfa da leshi da sarƙoƙi. Matan da na saba gani baƙi wuluk suna shara a otal ko suna tallar ruwa a tashar Kudai, sai na riƙa gane su da ƙyar, ta murya ko ta tafiya. 'Yan mata sa'o'ina, waɗanda aka haifa a nan kamar ni, sun koma can baya suna hira da Larabci, hannuwansu ba su san abin da za su yi ba tun da aka karɓe wayoyi. Ban je wurinsu ba. Na raɓa jikin bango daga gaba, kusa da bokitin.

Mai jita ta shigo ta ƙofar kicin, ba wanda ya sanar. Doguwar riga ce a jikinta mai ruwan ƙasa, da ɗan ƙaramin gyale. Ta rungumo bargon kamar jariri. Da ta warware shi, jitar ja ce yadda Ummi ta ce, sai dai fentin ya goge a inda hannu yake kwanciya, itacen ya fito fari. Igiyar ratayawa ta tsinke, ta ɗaura mata madaurin jakar alhazai. Wata ta jona mata igiyar wuta a wata 'yar sifika ta aro, ta yi ƙugi, mata suka toshe kunne.

"Hajiya, haƙora dai sun tafi," in ji wata daga tsakiya. "Murya fa?"

"Da haƙora ake waƙa da ke ce tauraruwa, uwar cin nama."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ina wandon?"

"Na ba mijinki, ya ce ya fi nasa."

Ta cire takalmanta ta jera su gefe, ta tsaya da tafin ƙafa a kan darduma. An kawo mata kujera ta ture ta da gwiwa. Ta daɗe tana murɗa kunnuwan jitar tana saurare, kanta a karkace. Na ga abin da take kaɗawa da shi, wani yanki ne na katin waya da ta yanke da almakashi. Yatsunta duk sun tsattsage, da baƙi-baƙin wuƙar albasa a gefen babban.

Ban taɓa jin irin wannan ƙarar a ɗaki ba. Na ji ta a cikina kafin kunnena. Waƙar farko mai sauri ce, muryarta ta fito a shaƙe, ta karye a sama, ta tsaya ta yi tari, ta sha ruwa. Ɗakin ya yi shiru irin na jin kunya. Ta goge baki da bayan hannu ta sake daga farko, ƙasa-ƙasa wannan karon, sai muryar ta sami wurin zama. Kaushi gare ta, kamar ana jan buhu a kan siminti, amma ba ta ƙara karyewa ba. Wata tsohuwa da nake ganin tana tafiya da sanda ta miƙe, ta ba ta kusa da ita sandar, ta ɗaure gyale a ƙugu. Kafin a kai ƙarshe rabin ɗakin yana tsaye. Sun san kowane baiti. Wani lokaci ta kan janye bakinta gaba ɗaya ta bar su su yi, tana kaɗa kai kamar malama mai sauraron hadda. 'Yan matan baya sun daina hira, suna kallon iyayensu baki a sake.

Akwai abin da na lura da shi ban gane ba. A kowace waƙa, idan ta zo wani wuri, sai ta ɗauke hannu daga tsirkiya ta waiwaya hagu, ta ɗan jira. Ba komai a hagunta sai bango da soket. Matan sai su cike wurin da tafi, huɗu a jere, ita kuma ta dawo da fuskarta ta ci gaba.

Ni duk wannan lokacin tunanina yana kan kwando. Na ce to, in haddace. Amma Hausata a lokacin ta kicin ce, ta kawo ruwa da rufe ƙofa da ina kwana, idan magana ta yi tsawo sai ta zube min. Na buɗe jakar Inna tana can tana rawa, ban sami biro ba, sai jagirarta, fensirin nan baƙi mai laushi. Na naɗe hannun rigata na hagu har gwiwa na jira.

Rana ta yi ja a tagogin sama lokacin da ta ce a zauna. Ta rage ƙarar sifikar da yatsan ƙafa. Ta ce, "Wannan akwai wadda ta aiko a yi mata, ba ta samu zuwa ba." Ba ta faɗi suna ba, amma na ga kawuna suna juyowa wajen Inna.

Mota ta tashi da hantsi,
na manta ban ba ka ruwa ba.
Moɗa na nan a bakin randa,
ba wanda ya taɓa ta.

Na fara rubutawa da baƙaƙen Larabci, don su kaɗai na iya da sauri, daga wuyan hannu ina hawa. Waƙar a hankali take tafiya, duk da haka ta fi ni sauri. Ina rubuta layi ɗaya biyu suna wucewa. Wasu kalmomin ban san su ba, na rubuta yadda suka shiga kunnena. Ba wadda ta yi amshi wannan karon. Ta kusa da ni ta cusa gefen gyalenta a baki. Inna ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna motsi. A hanyar komawa gida ta faɗa min cewa ranar da ita da Ummi suka baro Damagaram kwana arba'in suka ce wa kakata za su yi, ta raka su tasha ba ta ko sa takalmi ba. Ta rasu kafin a haife ni.

Da ta zo wurin waiwayen, ta waiwaya, ba wanda ya tafa. Ana jin ɗigar ruwa a bokiti. Ta daɗe tana kallon bangon fiye da sauran lokutan, sannan ta ƙarasa. Fensirin ya ƙare a hannuna, katakon yana kartar fata. Na samu kamar layi tara, sun kai har lanƙwasar gwiwar hannu.

Aka kira magariba daga wani masallaci can nesa. Ta zare igiyar wutar da kanta tun kafin ladan ya gama kabbarar farko. Mata suka yi layi a famfunan tsakar gida, su uku ne kawai. Na so in maƙale a ciki, amma shayin da na sha ya sa na shiga banɗaki tun ana tsakiyar waƙa ta uku, ba ni da alwala. Inna ta ja ni da hannun dama. "Yalla, lokaci yana tafiya." Ba ta san abin da ke ɗaya hannun ba, ni kuma ban iya buɗe baki na faɗa mata ba bayan abin da na yi a ƙofa.

Da layi ya zo kaina na wanke tafi, na kurkure baki, na wanke fuska, na wanke hannun dama sau uku a hankali. Na ɗaga na hagu ina karantawa da sauri, ina maimaitawa a zuci.

"Ke 'yar nan, wanka kike yi?" in ji ta bayana. "Mu ma Musulmi ne."

Na tara hannun. Baƙin ruwa ya gangara ta yatsuna ya bi magudana.

Bayan sallah ina neman takalmina a cikin tarin na mutane sai na ji an dafa min kai. Ita ce, ta mayar da abayarta, bargon a hammata, ta koma tsohuwar gindin matakala. Warin man zafi take yi.

"Ke ce ɗiyar mai jinya ko? Na gan ki kina zane a hannu." Ta kama hannun ta juya shi, ta ga dusu-dusun baƙin da ya rage. Ba ta tambaye ni ba. "Ki ce mata na yi ta duka, ban tsallake ko baiti ɗaya ba. Ki ce ta yafe min."

Na so in ce ta maimaita min ko layi biyu ne, ai har yanzu muna wajen iyaka. Sai wasu mata suka zagaye ta suna kuka suna rungumarta, na ja da baya na ba su wuri. A ƙofa na miƙa lambata aka ba ni wayar. Bayan kwana tara aka ce Mai jita ta tafi gida. Wata ce ta gaji wurinta a gindin matakala, mai sayar da turare.

Mun iso gida kafin isha. Inna ta tsaya a hawa na biyu wajen wata maƙwabciya, ta ce in hau ni kaɗai, ita ba za ta iya kallon idon yayarta ba. Na ƙirga matakalar kamar yadda na saba, amma ranar na so a ce sun fi haka yawa.

Ummi tana zaune, ta jingina da bango. Ta sa kwalli. Ta yafa gyalenta mai ruwan zuma wanda take ajiyewa don sallar idi, ta rufe kumburarrun ƙafafunta da zane mai kyau, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Ban san yadda ta kai hannu saman kwaba ta ɗauko gyalen ba. Ta gyara wuri kusa da ita a kan katifa, ta miƙo hannu.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa mata, rabi da Hausa rabi da Larabci. Na faɗi na kwando, na faɗi na famfo. Na nuna mata hannun. Ta daɗe tana kallon tagar. Hannun da ta miƙo ya sauka a hankali a kan cinyarta.

"Ba komai," in ji ta. "Ba ki yi ƙarya ba, ba ki bar sallah ba. Me zan ce miki?"

Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Na zauna a nan ina murza robar wayar. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta cire takalmi?"

Na ce ta cire, ta jera su gefe, na hagu ya ɗan cinye ta dunduniya.

"Kujera fa?"

"Ta ture ta da gwiwa."

Ummi ta yi 'yar dariya ta hanci. "Zo nan. Faɗa min daga farko."

Wannan kam ina da shi. Na faɗa mata fentin da ya goge, da madaurin jakar alhazai, da katin wayar da aka yanke. Na faɗa mata maganar haƙora da ta wando, ta yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa in dakata. Na faɗa mata tsohuwar da ta ba da ajiyar sandarta. Na faɗa mata saƙon, cewa an yi ta duka, kuma a yafe. Ta gyaɗa kai. Sannan na tambaye ta abin da ya sa matar take waiwayawa hagu tana kallon bango.

Ummi ta kalle ni. "Har yanzu tana yi?"

"Kowace waƙa."

"Mai ganga ne a can. Mijinta ne. Nan yake shigowa." Ta goge ƙasan idonta da ɗan yatsa don kada kwallin ya zuba. "Shi ya fara rasuwa a cikinsu."

Sai na yi abin da ban taɓa yi a gaban kowa ba. Kalmomin sun tafi, amma yadda jitar take hawa ta sauko kafin a fara waƙar yana nan a kaina. Na yi shi da hanci, a hankali, kaina a ƙasa. Na kai ƙarshe na tsaya, don daga nan ban san komai ba.

Sai Ummi ta shiga. Ban taɓa jin tana waƙa ba, ko ta lallashin yaro. Muryarta 'yar siririya ce, numfashinta ba ya kai ta ƙarshen layi, sai ta tsaya a tsakiya ta ja iska ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta wuce moɗa da randa, ta shiga layukan da na wanke, ta wuce su zuwa waɗanda ban ma kama ba. Idonta a rufe. Da ta zo wurin mai ganga ta buga cinyarta sau huɗu. Duk shekarun nan tana ɗauke da ita, tun daga kan katanga. So take kawai ta ji ta a bakin mai ita sau ɗaya, ni kuma na kasa kawo mata.

Ummi ba ta kai aikin Hajjin shekarar ba. A ranar ban san haka ba, amma na ga yadda ta jingina kai da bango bayan ta gama, da yadda jijiyar wuyanta take bugawa. Na san ba ta son a ɗauke ta tun da fuskarta ta kumbura, ko 'yan uwa suka kira daga gida ba ta yarda a kunna bidiyo. Na gyara robar wayar, na jira ta kawo haske, na buɗe wurin ɗaukar murya, na kife ta a kan katifa yadda idon kyamarar zai kalli ƙasa.

Na ce, "Ummi, murya kawai. In kin huta, don Allah ki sake min daga farko."